Jar Layar Inna

Na daɗe ina tsallake wannan shekarar in ina ba ku labarin rayuwata, kuma da na ci gaba da tsallake ta har in shiga kabari, ba don maganar da ta dawo kunnena daga gidan da ke neman auren jikata Hajara ɗiyar Sani ba. Wai tsohuwar gidan ta sa a bincika mata asali, don ta ji an ce kakar uban yarinya ta mutu a turu, kuma hauka yana bin jini. Ba tsohuwar nake jin haushi ba, abin da ta ji ta faɗa. Ku ma abin da kuka ji ke nan, kuna ta rufe shi kamar wani abin kunya, har yau ba wanda ya mayar wa ɗiyarsa sunanta a cikinku, kuna tsammani ban lura ba. To ku zauna ku karanta. Uwata ta mutu a turu, wannan gaskiya ne, kuma ni na kai ta. Sauran maganar duk ƙarya ce.

Ni ne ɗan farinta. Ku na yanzu da ke ɗora ɗan fari a cinya kuna kiran sunansa gaban surukai ba za ku gane abin da wannan ke nufi a Madarumfa ta wancan lokaci ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Lawali ya fito daga bakin Inna ba. Ina ƙarami "wancan" nake. Da na gama lakwal, wato makarantar boko, aka tura ni garin Gabi koyarwa, sai na koma "mutumin Gabi". In na shigo gida na durƙusa gaida ta, takan juya kai ta amsa wa bango ko turmi, duk wanda ya fi kusa. Amma in an kawo kifi daga tabki, tsokar da ta fi kowace a akushina take ƙarewa, ta hannun ƙanwarta Inna Tsahara, wadda ta dawo wurinta da zama bayan mijinta ya rasu. Haka muke zaune, ba na kuka da shi, kowane ɗan fari haka yake da uwarsa. Ubana masunci ne, ya rasu ina ɗalibi a Maraɗi, ƙanensa Baba Nomau ya riƙe gidan. Ita kuwa Inna garkarta take yi a bakin tabki, albasa da tumatir da yalo, kuma ba a taɓa jin muryarta ta tsallake danga ba.

A shekarun da ruwan sama ya fara yi mana rowa, gyaɗa ta daina yin kirki, aka aiko mini a Gabi cewa an kai Inna asibiti Maraɗi, ciwon ciki. Na hau kamyo, babbar motar kaya, na je. Na tsaya a ƙofar ɗakin mata, ban shiga ba, ita kuma da ta hango ni ta ja zane ta juya wa ƙofa baya. Inna Tsahara ce ta fito.

"Ƙari ne cikin ciki," in ji ta. "An yi mata aiki an cire, an gode Allah."

Na ce alhamdu lillahi, na ba ta abin da na zo da shi, na juya. Ban tambayi wane irin ƙari ba, ban tambayi a ina cikin cikin ba, ban nemi ganin lokotoro, likitan nasaran da ya yanka uwata ba, ni da nake jin faransancinsa kamar ruwa. Sai daga baya na san ta fi shekara tana zubar da jini bayan al'adarta ta daɗe da ɗaukewa, tana wanke tsummokara a ɓoye cikin ciyawar bakin tabki, har sai da ta faɗi a garka. Ɗa ba ya tambayar abin da ke ƙasan cibiyar uwarsa, ba a kuma gaya masa. Ta warke ta dawo gida, ta rame amma ta koma ban ruwa. A wuyanta, cikin tsofaffin layunta da suka yi baƙi, na ga wata sabuwa ta jar fata, mai ɗan faɗi. Kowa na da laya, ban sake tunaninta ba.

Damina ɗaya ta wuce, sannan ciwon kai ya fara. Da safe yakan tashe ta, ta fita bayan ɗaki ta yi ta amai ba ta ci komai ba, in rana ta ɗaga ya ɗan lafa. Ta riƙa ɗaure goshi da ƙyalle tana matsewa har idonta ya yi ja. Sai muciya ta fara suɓuce mata daga hannun dama. Tana tafiya ta bangaji bakin ƙofa, kullum ɓangare ɗaya, ta tsaya tana kallon ƙofar kamar ita ta zo ta same ta. Ta zuba kanwa a miya sau biyu, ta rantse ba ta zuba ba. Wata rana da hantsi mata suka ɗauko ta daga garka, ta faɗi tana shure-shure, kumfa a baki, taku kaɗan da ruwa. Kun san mutanen garinmu da tabkin nan. Kafin a iso da ita gida an riga an gama shari'a, wai ta taka ɗan wani aljani a bakin ruwa. Baba Nomau ya sa aka yi mata rubutu ta sha, aka yi tofi, aka yi sadakar waina. Ni ma na ba da nawa.

Ranar sunanka ne, Sani, abin ya fito fili. An raɗa suna, an shafa fatiha, maza cike da ƙofar gida ana raba goro, ina zaune kan tabarma tsakanin liman da Baba Nomau. Sai na ga mutane suna sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya. Inna ce ta ratso zaure ta fito, ba gyale, ba ɗankwali, sai ƙyallen nan a goshi. Tana jan ƙafar dama ta bi ta tsakiyar maza har gabana, ta durƙusa, ta sa hannunta na hagu ta kama mini haɓa, ta ɗaga fuskata ta dube ni cikin ido. Shekarata ashirin da tara, ban taɓa ganin ƙwayar idonta ta tsaya a kaina ba sai ran nan.

"Lawali," ta ce. "Ka rame. Ka ci abinci kuwa?"

Har wanda ke tauna goro ya bari. Zan gaya muku abin da na yi, don in ban faɗa ba babu mai faɗa, duk waɗanda suka gani sun mutu. Na ture hannunta. Kunya ce ta kama ni, kunyar liman da baƙi da abokan aikina da suka zo daga Gabi da wandunansu na nasara. Mata suka fito da gudu suka lulluɓe ta suka ja ta ciki, tana waiwaye tana faɗin sunan. Baba Nomau ya matso kunnena.

"Wagga ba uwarka ba ce," ya ce. "Uwarka ko da wuƙa a wuya ba ta faɗin sunan ga. Wani ne bisa kanta."

Na yarda da shi, kuma har da jin sauƙi na yarda.

Daga nan kamar an ɓalle ƙofa. Matar da ba a jin muryarta ta koma faɗin duk abin da ya zo mata, ta gaya wa matar liman miyarta ba daɗi, ta yi dariya a gidan makoki, ta zauna tsakar gida zane a kwance ba ta damu ba. Sau biyu aka tsinto ta ta nufi tabki ba ta san inda za ta ba. Wata rana kuma faɗuwar nan ta kama ta kusa da murhu, ta ƙone daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa. Ran nan Baba Nomau ya tara mu a zaure bayan la'asar, ni da shi da Inna Tsahara da ke rakuɓe bakin ƙofa. Ya ce malamai sun yi nasu, abin ya fi ƙarfin rubutu. Akwai wani mai maganin iskoki a wani ƙauye bayan Gabi, bakin daji, an ce ya tashi waɗanda suka fi ta. Ya ce amma ni ne babba a ɗakinta, ni ne mai ilimi, abin da na ce shi za a yi.

Inna Tsahara ta yi magana ƙasa-ƙasa, tana kallon tabarma.

"Ko dai a mai da ta Maraɗi? Lokotoro ya ce in wani abu ya taso..."

"Lokotoro ciki ya yi wa aiki," na ce, "ciki kuma ya warke. Mi ya gama ciki da kai?"

Ta buɗe baki, ta dubi Baba Nomau, ta dube ni, ta rufe. Da za ta ƙarasa sai ta faɗi sunan inda aka yanka, a gaban ƙanen mijin yayarta da ɗan farinta, kuma hakan ba ya faɗuwa. Ni kuwa na ji daɗin kaina da na yi magana irin ta masu karatu. Da safe muka ɗora Inna a amalanken shanu.

Wanda bai taɓa ganin turu ba, gungumen itace ne mai nauyi da aka huda, a zura ƙafar mutum a datse, yadda ba zai iya tashi ya gudu ba. Ƙarƙashin wata rumfar kara aka sa nata, kusa da wasu mutum biyu. Ba zan ɗora wa mai maganin abin da ba nasa ba, dattijo ne mai natsuwa, abin da ya gada yake yi, kuma bai zo gidanmu ya ɗauke ta ba. Yakan lulluɓe ta da bargo ya tura kaskon hayaƙi, ta yi ta kuka da kai. In faɗuwar ta zo ya tsula mata tsumagiya a ƙafa, ya ce ba ita ke ji ba, wanda ke kanta ne. Ranar farko ya so cire mata layu duka don kada su yi karo da aikinsa. Inna Tsahara, da ta zauna jinyarta, ta dafe jar layar da hannu biyu ta ce wannan kam ba a raba ta da ita. Ya dube ni. Na ce a bar mata, me laya ɗaya za ta hana. Har taɓa ta na yi da yatsana ina faɗin haka.

Abu ɗaya ya gargaɗe ni a kai.

"In ta kira ka, kada ka amsa. Ba ita ke kira ba. Shi ne ke neman hanya, in ka amsa ka ba shi, aikinmu ya koma baya."

Kowace Alhamis, ranar da ba lakwal, nakan hau keke in je. Tun daga bakin shinge take gane ni, ban san ta yaya ba, don idon ma ya fara tafiya. Sai ta ɗago daga tabarma iyakar inda turun ya bar ta.

"Lawali. Lawali, zo ka kwance ni, kaina ke ciwo."

Nakan tsaya ina kallon ƙasa, in ajiye gero da sukari gaban Inna Tsahara, in tambaye ta ya mai jiki kamar mai jikin ba ta wurin. Alhamis bakwai na je. A ta huɗu hannun dama ya mutu ɗungum. A ta biyar magana ta fara watsewa, ta nemi kalmar ruwa ta rasa, ta yi ta nuna randa tana hawaye. A ta bakwai ba abin da ya rage a bakinta sai sunan, shi ma da ƙyar yake fita, rabi-rabi. Mai magani ya ce alama ce mai kyau, mutumin ya gaji, ya kusa sauka. Ran Litinin da hantsi ina gaban allo aka zo aka kira ni, Inna ta cika. Da muka zare ƙafar daga turun duk idon sawun ya zama gyambo.

Bayan addu'ar uku, mutane sun ragu, Inna Tsahara ta same ni a bayan rumbu. Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini jar layar, igiyar a yanke tun wurin wanka.

"Lokotoro ya ce a ba ka," ta ce. "Ita ta ce kada a ba ka. Yanzu ba ta nan."

Na sa reza na farke ɗinkin. Ba rubutun malam ba ne. Takardar asibiti ce, an naɗe ta ƙanana-ƙanana, zufa ta ɗan ci gefenta, amma rubutun faransanci na nan sarai. Layuka kaɗan ne. Ciwon daji na bakin mahaifa, ya yi nisa. An cire mahaifa, amma ba a da tabbacin an cire ciwon duka, yana iya dawowa ko ya ɓulla wani wuri a jiki. A dawo da ita bayan wata uku, kuma duk wani sabon abu da aka gani, kowane iri ne, a kawo ta ba jira. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya da hannunsa, cewa an gaya masa tana da ɗa malamin lakwal, yana roƙon ɗan ya zo ya gan shi.

Na karanta sau uku a tsaye. Sannan na faɗa wa Inna Tsahara maganganun da ba zan rubuta a nan ba, matar da ta yi kwana arba'in da wani abu tana kwashe kashin yayarta a ƙarƙashin rumfar kara. Ta bar ni na gama.

"Tafinta ya ce takardar ga ita ce lafiyarta, kada ta rabu da ita, kada ruwa shi taɓa ta. Mi akan yi da rubutun lafiya in ba a kai wa baduku shi ɗinke ba? Ya ce a ba mai karatu shi karanta. Mai karatu ɗaya gare mu gidan ga. Ta ce ta gwammace ta mutu da ka karanta tsiraicinta." Ta gyara gyalenta, ta kira ni Mushe yadda ake kiran malaman lakwal. "Ni ban yi lakwal ba, Mushe. Kai da ka yi, ka tambaya?"

Har ta rasu ban nemi gafararta yadda ya kamata ba. Wannan ma ku rubuta a kaina.

Da aka yi hutu na tafi Maraɗi da takardar. Lokotoron ya koma ƙasarsu. Na samu majo, wato babban ma'aikacin jinya na ɓangaren mata, wani dattijo mai furfura a gemu, ya tuna da ita. Ya zaunar da ni ya ce in faɗa masa yadda abin ya bi da bi. Ina faɗa yana gyaɗa kai tun kafin in ƙarasa, ciwon kai da aman safe, hannu ɗaya, bangazar ƙofa, faɗuwa, canjin hali, ɓacewar magana. Ya ce ciwon nan yakan saki iri cikin jini, irin ya je ya tsiro a huhu ko hanta ko ƙashi. Zuwa kai ba kasafai yake yi ba, amma yana yi, shi ya gani da idonsa. In ya tsiro cikin ƙwaƙwalwa sai ya yi ta girma yana danne ta, ƙoƙon kai kuma ba ya buɗewa ya ba shi wuri. Inda ya danne shi ke mutuwa, in wurin hannu ne hannu, in wurin magana ne magana, in wurin da mutum ke riƙe kansa ne, sai ka ga mai kunya ya daina kunya. Ya ce ba su da abin leƙa cikin kai, ba zai rantse mini ba, amma in ba wannan ba ne to bai san aikinsa ba.

"Da na kawo ta, da ta rayu?" na ce.

"A'a," ya ce, bai ko yi jinkiri ba. "Kada ka ɗauki wanga ka ɗora ma kanka. Da mun ba ta abin rage ciwon kan, da na faɗuwar, da mun ce ka mai da ta gida ka zauna kusa da ita. Da ta mutu bisa gadonta. Iyakar abin da muke iyawa ke nan."

Shi a ganinsa sauƙi ya yi mini. Na fito na zauna a gindin wata bishiyar bedi a ƙofar asibitin har kamyon Madarumfa ya tashi ya bar ni. Abu ɗaya nake ta juyawa. Idan ciwon riƙon kawai ya cire mata, to abin da ya fito ba na wani ba ne, nata ne, yana nan ciki tun ranar da ta haife ni. Shekara ashirin da tara tana son ta tambaye ni ko na ci abinci.

Na dawo gari na faɗa wa Baba Nomau, ya ce nasara ba su san iska ba. Na faɗa wa liman, ya ce Allah ya jiƙanta, a bar tone-tone. Fiye da haka ban iya ba, don in zan wanke ta a bainar jama'a sai na faɗi kalmar mahaifa a kan uwata, kuma kunyar da ta kashe mu ba ta sake ni ba ko a lokacin. Na yi shiru, garin ya riƙe nasa labarin, ku kuka tashi a cikinsa. Na shekara talatin da wani abu ina koya wa 'ya'yan mutane karatu, ina dukansu in sun kasa, takardar da aka rubuto da sunan aikina kuwa ta shekara a wuyan uwata ina kallonta.

Takardar na nan cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin takardun fansho, tare da jar fatar. Sani, ka ɗauka ka kai gidan mutanen nan da kanka, ka sa wanda ya iya ya karanta wa tsohuwar da ƙarfi, har kalmar da ni na kasa faɗa. Ka gaya mata sunan kakarka Hadiza, ba ta yi hauka ba, ciwon daji ne ya tashi daga mahaifarta ya hau kanta. In bayan haka har yanzu tana neman wanda hankalinsa ya gaza a zuriyarmu, ka ce mata yana nan da rai, ta zo ta gan ni. Alhamis bakwai uwata tana kirana, ban ce na'am ba ko sau ɗaya.